Wankan A-kori-kura

Shekara goma sha tara Baba direba yana tuƙa a-kori-kurar ma'aikata, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya, kullum da yamma sai ya wanke ta har cikin inji. Da sanyin bana ya shigo, ta fara tari da safe tana ƙin tashi. Manaja ya ce in ta ƙara, za a sayar da ita a sallami Baba.

An canja batir, a banza. Ranar Laraba makanike ya zare wayoyin fulogi, ya tarar da su a jiƙe.

"Haba Baba, amarya ce da za ta riƙa wanka kullum?"

Ya goge su, ya murza makulli, ta tashi nan take.

Baba ya zauna kan bokitinsa, ya yi ajiyar zuciya. "Daga yau fuska kawai za ta wanke."