Kiran Da Na Yi Wa Gidan Rediyo

Ko da zan manta da komai a rayuwata, ban jin zan manta da ranar da na buga waya gidan rediyo. Shekara uku ke nan, amma har yau in na ji an ce "akwai mai kira a kan layi" sai gabana ya faɗi.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, ina zaune a gidanmu a Miri. Babana mai gadi ne a makarantar da na gama, irin aikin nan da ake ɗaukar mutum da baki, a sallame shi da baki. Da albashin nan muke ci, mu takwas.

Wata ranar Laraba bayan la'asar ina ɓarar gyaɗa, rediyon Inna na kan turmi. Sun gayyato wani malami yana kwatanta yadda ƙananan ƙasashen tsibirai ke kashe wa ilimi kuɗi. Ya ce wasunsu mutanensu ba su ma kai na garin Bauchi ba, amma ana zama a duba: wannan ta ware kaso mai tsoka, waccan ta tsuke hannu, me yaransu suka samu? Mu da muka yi shekararmu ta ƙarshe a ajin da iska ta yaye rufinsa, in hadari ya haɗo a ce kowa ya kama hanyar gida, wa ya taɓa zama ya duba mu?

Na ɗauki wayar Inna na kira, sai kuwa ta shiga. Na ce, "Malam, ku bar tsallaken teku, ku zo ku auna ajinmu." Na faɗi komai, har ɗakin gwaje-gwajen da awaki ke kwana a ciki. Da na gama, mai gabatarwa ya ce, "Wa za ki gaisar?" Kun san yadda muka saba. Ban yi tunani ba na faɗi sunana da unguwarmu, na ce ina gaida Babana da ke bakin ƙofar makaranta kaza. Wautar da na yi ke nan, da bakina na kai su har inda yake zaune.

Washegari da hantsi mataimakin shugaban makarantar ya tsaya da babur a ƙofar gidanmu, Baba na biye da shi a ƙafa.

"Ke ce 'yar tsibirin?" in ji shi. "Sannu da ilimi. Daga sama aka kira mu. Kai kuma mai gadi, ka zaɓa: ko ta janye, ko ka ajiye mana makullai."

Baba ya durƙusa masa, alhali Baban ne ya girme shi nesa ba kusa ba. "Ranka ya daɗe, yarinya ce. Za ta janye."

Mataimakin ya miƙo mini takarda, ya riga ya rubuta abin da zan faɗa. Na ce, "Baba, ai ba ƙarya na yi ba."

"Na sani, 'yata. Ni nake kwashe ruwan ajin da bokiti. Amma karanta."

Laraba ta zagayo na sake kira. Na karanta cewa an daɗe da gyara rufin, ni ce ban bincika ba, ina neman afuwa. Mai gabatarwa ya yi dariya ya ce, "To kun ji yaran zamani!" Suka koma kan tsibiransu. Baba na tsaye a gefena riƙe da hularsa, bai ɗago kai ba har na kashe wayar.

Ba a kore shi ba. Amma a unguwa na zama maƙaryaciya, har masu ɗiban ruwa kan ce, "'Yar tsibiri, yau wace ƙasa za mu?" Duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofarmu sai na leƙa.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne. A garin nan za ka iya auna makarantun kowace ƙasa a duniya, a yaba maka. Ta unguwarku ce kawai, kafin ka buɗe baki, sai ka fara duba wanda zai durƙusa saboda kai.