Ƙasar da ƙanwata ta ci

Aikina a jami'a wanke laka ne. Ba lakar tafki ba, lakar ƙarƙashin teku, wadda jirgin ruwa ya haƙo da dogon bututu, aka yanko mini kaɗan-kaɗan a 'yan ledoji aka aiko daga waje. In na wanke ta a rariya na duba a madubin ƙara girma, sai in ga ƙananan kwansuna na halittun ruwa, farare tas, cike fal. Haka suke har a zo wani siririn layi baƙi, inda suke ɗaukewa ɗif. Layin nan shi ne lokacin da wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama, miliyoyin shekaru da suka wuce, yawancin masu rai suka hallaka.

Da wuta ta daɗe ba ta zo ɗakin gwajinmu ba, sai na kwaso ledojin na sa a firjin gidana a Galtimari. A lokacin ƙanwata tana wurina. Daga Konduga ta zo da tsohon ciki don ta kusanci asibiti, saboda biyu sun zube mata a baya. Cikin nan ya sa mata kwaɗayin farar ƙasa, kullum sai ta aika an sayo mata a kasuwa, kullum sai mun yi faɗa.

Ranar na dawo bayan azahar na tarar da ita a tabarma, leda a cinya, tana lasar yatsa.

"Yaya, ashe kina ɓoye mai sanyi? Baƙar ma ta fi ƙamshi."

Innalillahi! Wasu ledojin na riga na jiƙa su da sinadarin da ke warware laka, wanda ko a hannu ƙuna yake. Na fizge ledar. Yawu da damshi sun goge rubutun da ke jiki, ban san ko tana cikin masu sinadarin ba. Ni kuwa in tsoro ya kama ni masifa nake yi.

"Ke wace irin akuya ce? Kin san me kika ci? Ƙasar ranar da komai ya mutu ce!"

Dariyar ta bar fuskarta. Ta ɗora hannu a ciki, ta yi shiru tana saurare.

"Tun ɗazu bai motsa ba," ta ce.

A cikin keke napep, a hanyar asibiti, ina ta yi wa mai tuƙi ihu ya yi sauri, in ya yi saurin kuma in ce zai kashe mu a rami. Ina ta gaya wa kaina abin da na sani: da mai sinadari ce, da bakinta ya ƙone. Na sa ta buɗe baki, ban ga komai ba. Duk da haka zuciyata ba ta yarda ba. Wallahi ni da na yi shekaru ina karantar da ɗalibai cewa laka laka ce, ranar gani nake mutuwa ce ta haɗiye, kuma daga firjina.

Malamar asibitin ta ji bayani ta harare ni, ta kwantar da ita, ta shafa mai a cikin, ta ɗora na'urar jin bugun zuciya. Shuuu kawai muke ji. Ta matsar da ita gefe. Shuuu. Ta ce ta juya.

Ƙanwata ta damƙe wuyan hannuna.

"Yaya, bayan baƙar ƙasar nan, akwai abin da ya rage?"

Ba ta taɓa tambayata komai game da aikina ba sai ranar.

"Akwai," na ce. "A saman layin kwansunan suna dawowa. 'Yan mitsi-mitsi ne, sai an sa ido sosai. Amma akwai."

"Ki rantse."

Na rantse mata. Malamar ta ce mu yi mata shiru, ta danna na'urar can ƙasa, kusa da ƙugu. Sai ga shi, siriri, da sauri-sauri, tif-tif-tif-tif.

Ban san na durƙushe a kan siminti ba sai da malamar ta ce, "Hajiya, ki tashi mana, kin tare mini hanya." Na kasa tashi. Ledar tana dunƙule a hannuna har lokacin, ita kuma ƙanwata ba ta saki ɗayan ba.