Tsagar Kunnen Tumakin Pohlman

Clarrie Hennessy ya tsufa yana harbin kangaru da karnukan jeji a yammacin Queensland, don haka da fari ya tsananta a garinmu, shi ake nema. Tunkiya in yunwa ta kayar da ita, hankaka kan ƙwaƙule mata ido tana numfashi. Mai ita kuwa ba ya iya harbe ta da hannunsa. Sai ya kira Clarrie, ya ja motarsa ya bar gonar. Clarrie ya haƙa rami da katafila, ya bi tumakin ɗaya bayan ɗaya, harsashi guda a ka, ya rufe. Shayi kawai yake karɓa. Bai taɓa faɗin gonar wa ya je ba, kuma don wannan ake kiransa.

Ana shirin wasan waƙa don saya wa manoma ciyawa, Glenys, shugabar kwamitin, ta tare shi a gidan mai.

"Clarrie, mutanen birni ba sa taɓa aljihu sai sun ga jini. Bari a ɗauki hoton aikinka."

"Ke dai Glenys ba kya gajiya."

"Ba fuska, ba gida, ba suna. Na rantse!"

Ya yarda. Aikin da ya faɗo a makon na Des Pohlman ne, abokinsa tun firamare, garken da ya gada daga ubansa. Des bai san an zo da kyamara ba. A mashaya ma cewa yake ya tura tumakinsa kiwo kudu.

Ranar wasa filin baje koli ya cika da baƙi daga birnin Brisbane. Da la'asar mawaƙa suka tsaya, aka haska hoton a babban allo. Glenys ta cika alkawari, ba fuska, ba gida. Sai dai mai ɗaukar hoton ya matso kan wata tunkiya tana shure-shure a bakin rami, jini na bin hancinta, kunnenta ya cika allon: tsaga biyu a gaba, ɗaya a baya. Baƙi suka fara share hawaye. Mu kuwa nan take muka gane, don ko yaron goye a nan ya san tsagar gidan Pohlman.

Wani mashayi ya ɗaga murya: "Kai Des! Wannan ne kudun naka?"

Des ya ratsa mutane, ya fizgi kujerar ƙarfe, ya sauke ta a fuskar Clarrie. Mun ji ƙarar muƙamuƙin.

"Tashi, tsohon banza! Tashi ka rama!"

Clarrie ya yunƙuro, haƙoransa a tafin hannu. "Kunnen ne, Des. Na manta da kunnen."

"Ka manta! Kai da kake kallonsa kafin ka harba?"

Ya tattake masa haƙarƙari da takalmin aiki, ya ƙara, sai da ƙarti huɗu suka danne Des a ƙasa yana kuka. Clarrie bai ɗaga hannu ba. Mawaƙa suka ci gaba da kiɗa, don ana nunawa kai tsaye a talabijin.

Ciyawa ta zo, tirela bayan tirela. Clarrie ya fito daga asibiti da wayar ƙarfe ɗaure a muƙamuƙinsa, ya ƙi kai ƙara. Fari bai wuce ba, amma wayar gidansa ba ta sake ringi ba. Yanzu kowa da kansa yake harbe nasa tumakin. Da safe Clarrie kan zauna a barandarsa, iska na kawo masa ƙarar bindiga daga gonaki: harbi, shiru, sai wani harbin, sai wani, duk a kan tunkiya ɗaya.