Kofin da Suke So Su Ba Yaya Bala

Tun ranar Asabar ban yi barcin kirki ba. Da na rufe ido sai in ga wana, Yaya Bala, kwance a ƙasan banɗaki, idonsa a buɗe amma bai gane ni ba. Yanzu yana asibiti, an yi masa aiki a kai, likitoci sun ce sai dai a jira. A cikin jiran nan ne muryar Kaka ta dawo mini.

Lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa ne gwamnati ta turo Baba karatu London, muka taho da mahaifiyarsa don ta riƙe mu. Flat ɗinmu a Tottenham yake, bangonsa kullum a jiƙe. Kaka har ta koma gida ta rasu ba ta shirya da sanyin garin nan ba. Bayan isha'i sai ta jawo hitar kananzir tsakiyar ɗaki, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa kamar a gaban murhunta, ta ce, "Wuta ba hayaƙi, ba itace, Allah wadai. Ku matso dai, ga wata nan tafe." Mu matso, bas na wucewa a titi, taga na karkarwa.

Akwai tatsuniyar da ta ba mu game da wani gari da ake gayyar noma duk damina. Saurayin da ya fi kowa, a sa masa rigar saƙi, makaɗa su yi ta kiran sunansa har baɗi. Amma dattawa sun kafa doka: duk wanda ya ajiye garma ya zauna kafin rana ta faɗi, ko ya fi kowa yawan kunyoyin noma, ya fita daga gasar. Wata shekara wani saurayi yana gaba, babu mai kamo shi, sai kububuwa ta sare shi a agara. Ya dubi ƙafar, ya dubi rana, ya ga da saura. Sai ya sauke ƙafar wandonsa ya rufe wurin, ya ci gaba. Makaɗa suka ga yana tangaɗi, suka ce rawa yake, suka ƙara wa ganga wuta. Rana na faɗuwa shi ma ya faɗi. Rigar, a gawarsa aka shimfiɗa ta.

Sai Kaka ta ce, "To, wa ya kashe shi?"

Na ce maciji. Yaya Bala, yana kwance rub da ciki, ya ce, "But he won, Kaka."

"Kai maigidana, yi mini Hausa, bakin Turawa ba ya shiga kunnena."

"Na ce ai ya ci."

Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi dariya ba, ita da ba ta iya minti guda ba ta tsokane shi ba. Ta ce, "Ku je ku kwanta."

A kwalejin da Yaya Bala yake yanzu, ƙungiyar ƙwallo tana ba da kofin gwarzon ɗan wasa duk ƙarshen shekara. Ana duba yawan ƙwallayen da mutum ya ci, amma sai wanda ya buga kowane wasa har aka tashi. Shi ke gaba, ranar Asabar kuma wasan ƙarshe. Ina bakin fili suka yi tsalle shi da wani, kawunansu suka haɗu, na ji ƙarar daga inda nake. Ya tashi yana layi. Mu kuma muka yi ta tafi.

Mutum ɗaya ne ya tsaya, Awudu, mai tsaron bayansu, ɗan zangon Kumasi. Ya bar wurinsa ya ruga yana yi wa alƙalin wasa ihu, aka bi ta gefensa aka zura musu ƙwallo, kowa ya hau zaginsa. Yaya Bala ya buga har aka tashi, sai da muka koma gida ya faɗi a banɗaki. A asibiti Awudu ya ce mini, "Ƙanwa, na faɗa shi ya fita, ya ce in rufe baki, kofi na nan."

Jiya mai horar da su ya zo, wani Bature mai kirki, idonsa ja. Ya ce sun yi meeting, Yaya Bala za a ba, ko zan zo in karɓa. A bayansa ƙananan 'yan ƙungiyar suna jingine da bango suna faɗa wa juna, "Bai fita ba fa, sai da ya gama." Yadda idonsu ke sheƙi ya fi banɗakin nan ba ni tsoro.

Sai yanzu na gane abin da Kaka take tambaya. Yadda aka ce za a zaɓi gwarzo, haka samari za su rayu, ko su mutu. Ni ban san ƙwallo ba, amma na san kofin da ke hukunta wanda ya ce "na ji ciwo" ba kyauta ba ne. A ƙirga ƙwallaye, ban hana ba. A tambayi waɗanda suka buga tare da mutum, kuma kada fita don rauni ta rage wa kowa komai.

Na ce masa ba zan zo ba, su ba Awudu. Ya ce ba haka dokar take ba. Na ce to kada kofin ya shigo gidanmu.

In Yaya Bala ya farka ya ji abin da na yi, zai yi fushi da ni, ƙila ya daina yi mini magana. Fushin nan nake roƙon Allah ya nuna mini.