Kujerar Mai Makaranta

Shekara bakwai ke nan da muka kai Alhaji Mumuni makwancinsa, amma har yau in na bi ta unguwar Kpangalam a nan Sokodé na ji yara suna karatu, sai in ga kamar zai ɓullo daga lungu yana faɗa da mai babur. Tare muka tsufa a harkar shanu, shi yana sarowa a Dapaong, ni ina yankawa a Sokodé. Mutum ne mai gardamar tsiya, kuma wallahi ina kewarsa.

Da ya gina makarantar nan sai ya mai da ita waƙafi, ya naɗa mu mutum biyar amintattu. Malamai suka fara kiransa fondatar, yadda ake kiran masu makarantun kuɗi, ya ce kul, shi maigadi ne, ya riga ya ba Allah. Don kada mu manta, ya sa kafinta ya ƙera wata ƙatuwar kujera aka kafa a ɗakin taro, wai ta Mai Makaranta ce, ba mai hawanta. Liman ya ce haba Alhaji, Allah ba Ya buƙatar kujera. Ya ce ya sani, mu ne ke buƙatar ganinta babu kowa.

Akwai wani malamin lissafi ɗan ƙabilar Moba da ya ɗauko daga Dapaong. Bawan Allah ya yi zango guda yana goge kujerar, yana jiran Mai Makaranta ya dawo daga tafiya ya roƙe shi ƙarin albashi. Alhaji ya ce masa ba sai ya jira ba, ko yanzu ya roƙa ana jinsa.

To bara sai ga Sabi'u, babban ɗan marigayin, ya shigo mana taro da babbar riga. Wai makaranta gado ce, za a yanka filin wasa a yi shaguna, marayun da ke karatu kyauta kuma kowa ya biya ko ya koma gida. Uku daga cikinmu sun riga sun karkata, don bakin da ya ci shi ke godiya. Raina ya ɓaci.

Na ce, "Sabi'u, makarantar nan ba ta ubanka ba ce."

Ya ce, "Baba, ai kujera ba ta zama babu kowa."

Ya tattara riga ya zauna da ƙarfinsa. Ashe gara ta daɗe da cinye cikinta, fenti kaɗai ke riƙe da ita. Sai ga Sabi'u a ƙasa, ƙafafu sama, hula a gindin taga. Mutum ukun nan suka hau salati, ba wanda ya sake ta da maganar shaguna.

Na sha tunanin me Alhaji zai ce da yana nan. Na san zai fara da zagin kafinta, sannan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Shanunsa an raba, gidajensa an raba, abin da ya ce ba nasa ba ne kaɗai ya rage da sunansa. Marayu suna nan a aji. Sabi'u da kansa ya sa aka ƙera sabuwar kujera, yanzu in ya zo taro a benci yake zama kusa da ni. Da kafinta ya tambaye shi ko a yi ta da katako mai ƙwari, cewa ya yi kada ya wahalar da kansa, ba mai hawa. Allah Ya kai haske kabarinka, Mumuni maigadi.