Turakun Baba Mai Awo

A kusurwar taswirar da ke bangon ofishinmu, inda ake rubuta shekarar kammala aiki, takardar ta yi laushi har tana neman hujewa. Satina biyu da kama aiki a sashen tsara layukan wutar lantarki na lura da wurin. Sai daga baya na ga dalili: duk farkon shekara Baba Mai Awo yakan goge lambar da ke wurin, ya rubuta ta gaba da fensir.

Shi ya auna hanyar babban layin da aka tsara zai ɗauko wuta daga madatsar ruwa, ya ratsa ƙauyuka goma sha ɗaya. Da ƙafa ya bi ta, shekara goma sha tara ke nan. Abokan aiki suna tsokanarsa da Injiniyan Baɗi, don duk wanda ya tambaye shi yaushe layin zai zo, amsar ɗaya ce: baɗi, in Allah ya yarda. Da shi ake yin dariyar.

Yana da yadda yake aikinsa. Ba ya kafa turken alamar hanyar layin a gonar mutum sai ya zauna da shi, ya sha ruwan gidansa, ya yi masa bayanin cewa ba a gini a ƙarƙashin babban layi, ba a kuma barin doguwar bishiya. Mutane suka amince masa saboda ba ya aiko musu da takarda, da kansa yake zuwa. Masu niyyar gini suka fasa. A ƙauye na bakwai, inda ya yi aure, surukinsa ya sare mangwaro tara da ya gada, ya ce ba zai kunyata mijin 'yarsa a gaban jama'a ba. Duk bayan damina Baba yakan koma ya shafa wa turakun jan fenti, kada wani ya manta.

Ranar Litinin aka gabatar da sabon tsarin shekara ashirin a taron ofis. Za a kafa babbar tashar sola a gabas, layin kuma ta can zai bi. Ni aka sa na share tsohuwar hanyar a kwamfuta, aikin da bai ɗauke ni minti ɗaya ba. A taron ina zaune a gefe ina canza hotuna a majigi, kaina a ƙasa.

Da aka gama tafi, Baba ya ɗaga hannu, ya tambayi wa zai je ya faɗa wa mutanen ƙauyukan, kuma me za a ce musu. Darakta ya duba fayil ɗin gabansa, ya rufe.

"Dattijo, ai babu inda muka rubuta musu komai. Kai ka yi musu alkawari da bakinka, ba hukuma ba."

Wani daga baya ya ce su jira baɗi. Aka yi dariya, wannan karon ban da shi.

Da rana na kai masa wata takarda da ba ya buƙata, don in samu hanyar tsayawa kusa da teburinsa. Shi ya fara magana. Ya ce ya duba sabon tsarin, ba shi da laifi, hanyar ta fi gajarta, ranar ma Allah ya hore mana ita a wadace. Ya ce kada in sa abin a raina, wanda aka sa aiki yi yake yi. Sannan ya tambaye ni:

"'Yata, ku da kuka yi jami'a, shekara nawa mangwaro yake yi kafin a zauna a inuwarsa?"

Na ce ban sani ba, Baba.

"Surukina ya haura tamanin."

Kafin a tashi ya ari birona, ya cike takardar neman hutun kwana goma sha ɗaya, ya kai wa sakatariya. Daga nan ya leƙa wurin direban ofis, ya tambaye shi ƙarfe nawa motar farko mai zuwa ƙauyukan take tashi daga tasha.