Lasisin Hawa na Biyu

Tunda na kama hayar shagon taliya a ƙasan benen Kuwabara Shigeo, ban taɓa ganin mutumin nan ya zauna ya cinye kwano guda ba. Loma biyu zai kai ya miƙe, makullai na ƙara a aljihu, ya leƙa gidan renon yaran da ke tsallaken titi, ya yi tsaki ya dawo.

Gidan renon nan shi ne ciwon kansa. Daga ranar da aka buɗe shi, doka ta hana ba da sabon lasisin mashayar da mata ke taya baƙi hira a layinmu. Wanda ya samu tun da can ya samu, amma in ya rufe, shi ke nan. Sauran hawan duk a haka suka mutu, gizo-gizo ne ke haya a ciki. Saura hawa na biyu, na Mama Harue, wadda ta haura saba'in tana zuba wa tsofaffin ma'aikata giya, tana dariyar labaran da ta ji har ta haddace. In ta tafi, bene ya zama kango.

Sai Kuwabara ya mai da lafiyarta sana'arsa. Kullum da hantsi zai hau mata da miyar miso ta waken soya, ya ƙwace sigarinta, ya tuna mata ranar ganin likita. Ita ke tari, shi ke ramewa.

"Kuwabara-san," na ce masa, "ko marigayiya matarka ba ta ga wannan gata ba."

"Kai dai ja taliyarka. Jarina nake tsarewa."

Ana nan wani lauya ya tsegunta masa cewa lasisin yana bin magaji, ga Harue ba ɗa ba jika. Washegari ya sa kwat ɗinsa na zuwa jana'iza, ya tare ta a shagona, ya nemi aurenta.

Ta kalle shi sama da ƙasa. "Shigeo, ni kake so, ko takardar da ke jikin bango?"

"Haba Mama, ai ku biyun tare kuke."

Ni na ji masa kunya. Ta hana shi ƙofa kwana da kwanaki, miya ta yi ta hucewa a kan matakala. Ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, har tausayinsa ya kama ni.

Wata rana da tsakar rana sai ga ta cikin kimono, rigarta ta gargajiya, ta dawo daga ofishin 'yan sanda masu ba da lasisin.

"Na mayar musu da takardarsu. Babu abin gado yanzu, sai ni da tarina. To, sake tambaya in ji."

Kuwabara ya dubi benensa, ya dubi tsallaken titi, idonsa ya cika. Makullan suka yi tsit. Ya jawo mata kujera, ya jawo wa kansa.

"Kwano biyu," ya ce mini. "Nata kada ka cika gishiri."

Ranar har romo ya shanye.